Uwar Maƙera a Farin Shago

SHAFI NA 14

Masu zagina a ƙarƙashin shafi na 13 wai na ɓace, na gani, na gode. Wayata ce ta faɗa kofin koko. Ni da ita duk mun manyanta, ba ma farfaɗowa da wuri. Mu je zuwa.

*

Kalilu bai yi sallama ba.

Buhu ya sauke daga kafaɗa, ya kama gindinsa ya zazzage a tsakiyar shagon. Gutsattsarin wuƙaƙe suka watse a kan tayil, ƙara kamar an kifar da kwandon cokula a gidan biki.

Dalhatu na kan kujerarsa mai juyawa, yana goge fuskar waya. Ya zabura zai miƙe, kujerar ta juya ta haɗa shi da bango. Sai da ya zagayo.

"Alhaji Kalilu, barka da hantsi."

"Riƙe barkarka. Dubi ƙasa."

Ya duba. Wuƙa goma sha biyu ya ƙera wa mahautan bakin boda, aikinsa na farko tun da ya buɗe shagon nan mako uku da suka wuce. Ga su nan sun dawo gida, su ashirin da 'yan kai.

"Sun ƙaru," in ji Kalilu. "Sha biyu ka ba mu, sun haihu a hannunmu."

"Alhaji, ko dai yadda ake riƙe su ne..."

"Shekarata talatin da takwas ina fawa, Dalhatu! Yau ɗan kamashon mota zai koya mini riƙon wuƙa?"

Nan ya danna masa inda ke ciwo. Shekara talatin Dalhatu ya yi yana gudu da takardun direbobi tsakanin Jibiya da duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Sai da harkar boda ta kwanta, sannan ya tuna ashe shi ɗan maƙera ne.

"Ka san abin da na wuni yi jiya?" Kalilu ya matso, warin kitse ya riga shi isowa. "Sa guda na yanka wa masu suna. Ina saran ƙashin ƙirji, tsinin wuƙarka ya ɓalle ya shige cikin nama. Mu takwas, da maganaɗisun tsohuwar sifika, muna shafa tsoka ɗaya bayan ɗaya kamar likitoci. Gidan suna na aikowa, ina nama? Mu ce ana bincike!"

Ɗaya daga cikin mahauta biyun da suka rako shi ya ƙyalƙyale. Kalilu ya waiga, dariyar ta koma tari.

"Ba don kyan fuskarka na zo ba tun farko. Don wannan na zo."

Ya ɗauki guntu ɗaya, ya nuna tambarin da ke gindin ruwan wuƙar, zane uku kamar sawun kaza. Shaidar marigayi Zubairu Maƙeri ce na Daddara, uban Dalhatu. Sannan ya zaro wata tsohuwar wuƙa daga ƙugunsa, ƙotarta ta yi baƙi don shan hannu.

"Wannan ta ubanka ce. Shekara tara tana cin ƙashi, ko tari ba ta taɓa yi ba. Tambari ɗaya, uwar maƙera ɗaya. To mene ne ya bambanta? Kai!"

Dalhatu na neman amsa a aljihun rigarsa, sai ga ƙugin a-kori-kura a ƙofar shago.

Ya leƙa.

Yaya Hasiya ce ke saukowa daga gaban motar, ƙafa ɗaya, hutu, sannan ɗayar. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ta girme shi da shekara shida, kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. A bayanta direban motar ne, Nagoggo, ƙato mai furfura, riƙe da diga da shebur.

Ku da kuke biye kun san laifin. Ranar da Hasiya ta tafi biki Gangara, Dalhatu ya lallaɓa Daddara da ƙarti biyu, ya shiga bukkar ƙirar ubansu, ya tumɓuke uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kansa. Kuma a gidansu doka ɗaya ce tun kakanni: inda uwar maƙera take, nan tambari yake. In ta fita daga shagon nan, sawun kaza ya bi ta, Dalhatu ya koma mai tayil da janareta.

Tun ranar saƙo ɗaya ta aiko: a gaya mashi ina zuwa.

Ga ta.

"Yaya, sannu da hanya. Ga kujera."

"Wanga abu mai yawo da mutum? Zauna kayanka."

Ta tsaya a tsakiyar shagon tana kallo. Bango fari tas. Ƙwan sola shida, duk a kunne da rana tsaka. Rufin kwanon roba ne mai shigo da haske, har inuwar tsuntsu kana gani in ya wuce. Ga injin wasa da ya ɗauko daga Maraɗi, ga bulowa mai hura wuta da lantarki, ga arautaki uku a rataye bisa tsawonsu kamar 'yan makaranta. Can gefe ƙaton ƙyallen talla, hoton Dalhatu riƙe da wuƙa yana murmushi.

"Nan ne maƙerar, ko nan ake cire haƙori?"

"Zamani ne, Yaya. Mai saye a waya yake gani yanzu. Bidiyo ba ya kyau a duhu."

"Uhm."

Ta isa wurin uwar maƙera. An dasa ta a kututture, an zagaye da tayil, an shafa wa gefenta fenti ruwan azurfa. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta daɗe.

"Har kwalliya ka yi mata."

"Don ta fito a hoto ne..."

"Nagoggo! Kawo diga."

"Yaya, tayil ne fa!"

"Kai ka ji tausayin daɓen Baba? Rami ka bar mini a bukka, akuya ta faɗa ciki ta karye. Ɓarawo ma in ya ɗauki kaya ya kan ja ƙofa."

"Gado ne! Ni ne namiji!"

"Namiji." Ta dubi gutsattsarin da ke ƙasa, ta tura ɗaya da yatsan ƙafa. "Ga shaidar nan kuwa birjik."

Dalhatu ya sha gaban Nagoggo, ya buɗe hannuwa. Mutum mai shekara hamsin da biyu da tumbi, yana tsaron ƙarfe kamar mai tsaron gida a ƙwallon unguwa.

"Yaya, duk abin da shekara talatin ta bar mini yana cikin ɗakin nan. In kika fita da ita, na mutu a tsaye."

"Ɗauke kayanki, Hajiya," Kalilu ya sa baki. "Ko da yake ita ma yanzu ƙarfe ce kawai. Asirin ya bi tsoho kabari. Mu Maraɗi za mu koma sayen wuƙa, kuma duk wanda ya tambaye ni, zan ce sawun kaza ya mutu."

Nan Dalhatu ya fashe.

"Ba kabari ya bi ba! Tambaye ta, ga ta nan! Wa bai san Baba na da laya a ƙarƙashin uwar maƙera ba? In zai shayar da wuƙa, ya tsoma ta a mai tana ja, sai ya kori kowa, ya saki tabarma a ƙofa, daga shi sai ita mai zuga masa. Me ake ɓoyewa in ba asiri ba? Na haƙa har gwiwa! Na haƙa har ƙugu! Babu komai sai gara. Ke kika cire ta, Yaya! Kin ɓoye don in ji kunya a idon duniya!"

Ko Nagoggo sai da ya sauke digarsa ƙasa a hankali.

Hasiya ta matsa wurin gutsattsarin. Ta sunkuya, gwiwarta ta yi ƙara, ta ɗauki guntun wuƙa. Ta kai wurin karayar kusa da ido, ta juya, ta kai shi hancin Dalhatu.

"Mi ka gani?"

"Karaya."

"Sakarai. Dubi cikin ƙarfen. Tsaki-tsaki ne kamar na masara. Ƙarfen da ya sha daidai, cikinsa laushi gare shi kamar toka. Dafa shi ka yi har ya ƙone." Ta juya. "Kowa waje."

"Hajiya, ni fa..."

"Har kai, Alhaji. Laya za a fiddo, ba a yi gaban mutane. Nagoggo, ɗauki tamfol ɗin motarka ka hau rufi. Kar ka shimfiɗa sai ka ji muryata."

Suka fita. Ta nuna ƙyallen talla.

"Toshe taga da shi."

"Hotona ne fa."

"Ya yi aiki yau. Cire riga, rataya a ƙofa."

Babbar riga ce, shadda, ɗinkin buɗe shago. Ya cire, ya rataya. Ya rage daga shi sai singileti da tumbi.

"Hura wuta. Sa wanga guntun. In ya kai yadda kake tsomawa, ka faɗa mini."

Ya kunna bulowa, ta kama ihu. Gawayin ƙirya ya ɗauka. Ya riƙe guntun da arautaki, yana kallo, yana jira ja ya bayyana. Hasken rufi na zubo masa a ka, ƙwan sola na taya shi. Can ya ga ja ya fara fitowa, kaɗan-kaɗan.

"Yanzu. Ya yi ja. A haka nake tsomawa."

"Ka tabbata?"

"Ina da ido, Yaya."

Ta kai hannu ta kashe fitilu.

"Nagoggo! Saki!"

Tamfol ya faɗo bisa rufi. Shagon ya yi duhu ɗum.

Abin da ke bakin arautakin ba ja ba ne. Rawaya ne, kamar ƙwaiduwar ƙwai, yana haska fuskokinsu, har tartsatsi yake tofarwa.

Dalhatu ya buɗe baki. Ya manta yadda ake rufewa.

"Ga layar Baba," ta ce. "Duhu. Shi ke nan. A cikin haske ƙarfe ƙarya yake yi maka, ya kusa narkewa yana nuna maka bai fara ba. Bukkar nan da kake cewa kamar kabari, mai ƙofa sai an duƙa, ka ɗauka talauci ne ya gina ta haka? Ka tafi ka haƙa rami har ƙugu kana neman abin da ke bisa kanka."

"Amma... in don duhu ne kawai, me ya sa yake korar mutane? Mutum ai ba fitila ba ne."

Guntun ya fara dushewa, daga rawaya zuwa ruwan lemo.

"Da farko tabarma kawai yake saki. Korar mutane daga baya ta zo." Muryarta ta sauka, amma zafin bai sauka ba. "Kana zuwa da Sallah, da tabarau da sabulu mai ƙamshi, ka yi awa biyu ka tafi. Ka taɓa lura da yadda Baba ke laluben moɗa?"

"Tsufa ne..."

"Makanta ce! Shekara goma sha ɗaya Baba bai ga wuta ba. Shina jin zafinta, shina jin kukan ƙarfe a ƙarƙashin masaba, amma launi ni ke gani. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ni ce idonsa. In ce yanzu, ya tsoma. Da hannu ya fara rawa, ni ke tsomawa. Shekara huɗun ƙarshe har dukan ni ke yi. Shi yana zaune a gefe yana tari, don na waje su ji muryar namiji."

Dalhatu ya nemi kujerarsa a duhu, bai same ta ba. Ya zauna a ƙasa.

"Wuƙar hannun Kalilu fa?"

"Ya fara ta, ni na gama. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni na shayar, ni na buga tambari, ni na kai wa Kalilu ruwa a zaure yana ta sa wa Baba albarka."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"A ina? A bakin boda, kana bin manyan motocin kaya da gudu? Kuma wa zai sayi wuƙar yanka a hannun mace? Da an ji, da tuwo ya yanke a gidan. Ka zo ka sace abin da na goge da hannuna shekara goma sha ɗaya, ka shafa mata fenti, sannan ka kira ni ɓarauniya gaban mahauta!"

Sai ta koma kan aiki.

"Akwai wuƙar da ba ka lalata ba?"

Akwai guda. Ya ƙera ta da sifirin mota, ya gyara ta tsaf, bai shayar ba, ya aje ta don ɗaukar bidiyo.

"Miƙo. Wagga bulowar taka mai ihu, toshe rabin bakinta da hularka."

Ya toshe. Wutar ta lafa, ta koma numfashi. Hasiya ta ɗaure zani, ta karɓi arautaki. Yadda ta kama shi kaɗai ya isa ya gaya maka ba yau ta fara ba. Tana zura wuƙar cikin garwashi tana jawowa, gaba da baya, ba gaggawa.

"Dubi nan, ba fuskata ba. Ka ga ja kamar zoɓon da aka jiƙa? Bai kai ba. Jira... jira... ka ga ya buɗe, ya bi ta daga tsini har gindi?"

"Na gani."

"Yanzu."

Ta tsoma a gwangwanin mai. Ƙarfen ya yi tsaki, hayaƙi ya turnuƙe. Ta fiddo, ta goge da yashi har ya yi fari, ta ɗora bayan wuƙar a kan garwashi tana kallo, sai da bakin ya ɗauki launin busasshen karan dawa, sannan ta janye.

"Wasa."

Ya kunna injin Maraɗi, ya gama da dutse. Ta shafa bakin da babban yatsa.

"Wasa kam ka iya. Ba a rasa ka duka ba." Ta miƙa masa. "Na gaji da zama bayan tabarma, Dalhatu. Ba zan roƙe ka komai ba. Fita ka kai masa."

Ya yaye babbar rigarsa daga ƙofa, rana ta mare shi a ido.

Kafin nan ƙofar shago ta cika. Labari ya zaga cewa ana fiddo laya. Direbobin da ke zaman jiran hanya, masu canjin sefa, mai shayi da butarsa, kowa da waya a sama. Kalilu ya riga ya aika an ɗauko ƙashin ƙafar saniya, ya ɗora a kan benci.

Ya karɓi wuƙar ba tare da ya dubi mai miƙowa ba. Ya shafa ta a damtse, gashi ya zube. Ya ɗaga.

Kaf!

Ya sake. Kaf!

Na uku, ƙashin ya rabe biyu, ɓargo ya fantsama a singiletin Dalhatu.

Kalilu ya ɗaga wuƙar ya kalli bakinta a rana. Ya juya. Ya sake juyawa. Babu giɓi ko na ƙwayar gero.

"Allahu Akbar. Hannun Zubairu ne wannan!" Ya kama kafaɗar Dalhatu ya girgiza. "Ashe layar ta fito! Ɗan Zubairu, ka yafe mini, bakina ne. Jama'a, ku shaida, magaji ya samu!"

Aka ɗauki sowa. Wani ya ce a ɗaga shi sama, aka dubi tumbin, aka fasa.

Wayoyi ashirin na kallonsa. Abin da ya sayi ƙwan sola shida dominsa ke nan, ga shi ya zo har ƙofa. Abin da ake so kawai ya gyaɗa kai.

A bayansa, daga cikin shago, ya ji muryarta. Ba ta ɗaga ba.

"Nagoggo, sauko haka nan. Ɗauko digarka."

Nagoggo ya diro daga rufi. Ya ratsa mutane ya shige, ya ɗauki diga.

Dalhatu ya ɗaga hannu.

"Ba ni ba ne."

Sowar ba ta bari an ji ba.

"Na ce ba ni ba ne! Babu wata laya! Yaya Hasiya ce ta shayar da ita. Ni wasawa kawai na yi, da toshe inji da hula." Ya nuna ƙugun Kalilu. "Wadda kake taƙama da ita ma, ita ta gama ta. Baba bai gani ba shekara goma sha ɗaya."

Kalilu ya zaro tsohuwar wuƙarsa. Ya dube ta. Ya dubi sabuwar. Ya dubi matar da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Shekara tara," ya ce a hankali, "ina sa wa tsoho albarka, mai aikin na miƙo mini ruwa a moɗa."

"Ka sha kuwa," in ji Hasiya. "Har ƙari ka nema."

Wani ɗan canji ya ce, "Mace maƙeriya? Wannan kuma..."

"Kai, rufe mana baki!" Kalilu ya nuna shi da guntun ƙashi. "Ƙashin nan ya tambayi wanda ya ƙera? Hajiya, sha biyu nake so, kafin kasuwar Lahadi."

Ita kuwa ƙanenta take kallo, kallon da ta saba yi masa tun yana yawo ba wando.

"Nagoggo, aje diga. Sauke kaya."

"Wane kaya?" in ji Dalhatu.

Aka fara saukewa daga bayan a-kori-kura. Tabarma. Tukunya biyu. Ƙullin tufafi. Buta. Akuya mai ɗaurin karaya a ƙafa.

Ashe da shirinta biyu ta baro Daddara.

"Inda uwar maƙera take, nan nake," ta ce. "Gobe a cire wanga rufi a sa na kirki. Bangon a shafe shi da ƙasa. Fentin da ka sa mata, kai za ka kankare da hannunka. Hoton ya zauna a taga, ya samu aiki."

"To... ni kuma fa, Yaya?"

Ta miƙa hannu, Nagoggo ya ɗora mata abu na ƙarshe. Ta jefa, ya faɗi a gaban takalmansa, ƙura ta tashi.

Baƙar fatar akuya ce guda biyu, ta sha faci. Zuga-zugin Baba. Shi ne wanda Dalhatu ya yi jifa da shi yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya rantse ba zai sake taɓawa ba, ya ɗare motar Maraɗi.

Wayoyi ashirin suka sunkuyo.

"Zauna ƙasa," ta ce. "Daga inda ka tsaya."